Karamci da kuɗin wa?

Sau uku Kano ta karɓi manyan baƙin ƙwallon ƙafa a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata: gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20 a Afrilun 1999, gasar cin kofin Afirka da muka haɗa da Ghana a 2000, sai gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009. Kowane karo magana ɗaya ake yi mana, wai kuɗi za su shigo, ƙasa za ta yi suna.

Ni mutumin Rano ne, kuma ina son ƙwallo. A 1999 na shiga mota na je. Na ga mai tsire yana juya tsinke da hannu bibbiyu, gumi na zuba, yaronsa ya kasa tsayawa ya ƙirga canji. 'Yan acaɓa da masu otal sun samu, Allah ya sa musu albarka. Amma mako uku aka yi aka watse, kuma cinikin ko Kwanar Dangora bai leƙo ba, balle ƙauyukan Kibiya, inda a wannan zafin na bazara mata ke jefa guga a rijiya su jawo rabi ruwa rabi laka.

Akwai masu kare wannan hidima da cewa addini ya yi umarni a girmama baƙo. Haka ne. Sai dai karamcin da aka yaba shi ne mutum ya yanka ragonsa. Baitulmali amana ce, matar da ke bakin rijiyar nan tana da rabo a ciki daidai da na mai zama a rumfar manyan baƙi, kuma ba wanda ya nemi izininta.

Malaman usulu, irin su Imam Shaɗibi a Muwafaƙat, sun jera maslahar jama'a hawa uku: larura, buƙata, sannan ƙawa. Ruwan sha da maganin mai naƙuda larura ne, domin rai ake tsarewa. Hanyar da manomi zai fitar da gyaɗarsa kasuwa buƙata ce. Gasa ƙawa ce. Ban ce haramun ba ce, matasanmu na da haƙƙin farin ciki, amma wanda ya gabatar da ƙawa a kan larura da dukiyar da ba tasa ba ya kusanci almubazzaranci, ko da ya kira shi karamci.

Mun san yadda kashe kuɗi mai albarka yake. Madatsar ruwa ta Tiga da aka gina zamanin Audu Bako, aka kammala a 1974, har yau tana shayar da shinkafa da alkama da tumatir a Bunkure, Kura da Garun Malam, rani da damina.

Duk shugaban da zai sake nemo mana gasa, ya fara faɗa wa mutanen Rano da Kibiya nawa za a kashe, daga wane asusu, da aikin da za a jinkirta dominta. In ya kasa, ya bar wa masu hali su karɓi baƙin.