Amanar Ruwa Tsakanin Magajin Gari da Jama'ar Damagaram

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai shayar da bayinSa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya ku 'yan'uwa Musulmi, Allah Ya jarrabci garinmu da ruwa ta fuska biyu. Ya dasa Damagaram bisa dutse, har ƙarancin ruwa ya kasance cikin dalilan da suka sa Nasara suka ɗauke babban birnin ƙasa daga nan zuwa Yamai a 1926. Abin da muke sha daga nesa ake jawo shi, daga Gogo da Macaya, da Arunguza, da Ganaram, amma duk da haka idan bazara ta tsananta mukan fito sallar Asuba mu tarar da matanmu da 'ya'yanmu sun kwana a bakin famfo da jarkoki. Sa'an nan damina ta zo, ruwan da muka roƙa ya rasa hanyar wucewa ya faɗa cikin gidaje. A ranar 3 ga Satumba 2024 ruwan sama ya rushe tsohon masallacin Birni, wanda kakanninmu suka gina tun tsakiyar ƙarni na 19. Dattawa sun yi kuka a wannan rana, kuma kukansu yana kan hanya.

To, wa ke da alhakin gyara? Galibinmu mukan ce gwamnati, mu karkaɗe riga mu tashi. Gaskiya ne jawo ruwa daga nesa aikin ƙasa ne, ya fi ƙarfin ma'aikatar magajin gari. Amma yashe magudanan ruwa, da kwashe shara, da tsaftar kasuwa, da rabon filaye, duk a hannunta suke. A 2004 aka zaɓi kansiloli, a Afrilun 2024 aka rusa majalisun aka naɗa masu riƙo. Zaɓaɓɓe ne ko naɗaɗɗe, tambayar da za a yi masa gobe Ƙiyama ɗaya ce. Muna tunatar da mai wannan kujera cewa Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, a shekarar fari ta 18 bayan Hijira ya hana wa kansa man shanu har jama'a suka sami sauƙi. Jami'in da ya yanka fili cikin tabki ko bisa hanyar ruwa ya sayar wa talaka, ya san damina za ta cinye ɗakin, ya ci amana, kuma hatimin da ke kan takardar ba zai halatta masa kuɗin ba. Haka wanda ya karɓi harajin kasuwa bai ba da rasit ba.

Mu kuma fa? Muna zagin ma'aikata a majalisa, alhali mu ne muke tura yaro da dare ya juye shara cikin magudana. Muna ɓoyewa idan mai karɓar haraji ya zo, sa'an nan mu tambayi ina motar kwasar shara. Ganuwar da Sarki Tanimu ya kewaye Birni da ita, hannuwan mutanen garin nan ne suka ɗora ta. Gayya ba baƙuwa ba ce a wurinmu.

Ga masu hali kuwa, kun san labarin rijiyar Ruma a Madina: ana sayar da ruwanta, Sayyidina Usmanu ya saye ta ya bar wa Musulmi waƙafi. Attajirin da ya riga ya sauke farali, kuma yana shirin komawa Umra karo na biyar, ya dubi unguwarsa tukuna; tankin ruwa guda a ƙofar masallaci zai shayar da marayun da bai san sunansu ba. 'Yan garuwa ma, da suke ɗauke mana wahala, Allah Ya saka musu, amma su ji tsoron Allah wajen ninka kuɗin jarka ranar da famfo ya ƙafe.

Saboda haka muna kira ga kwamitin kowane masallaci ya zauna da mai unguwa kafin ruwan farko, a ƙidaya magudanan da suka toshe da gine-ginen da suka tare hanyar ruwa, a rubuta a kai wa ma'aikatar magajin gari, a riƙe kwafi don a iya bin sawu. Mu a namu masallacin, in Allah Ya so, ranar Asabar bayan sallar Asuba za mu fita da shebur da baro, liman a gaba. Wanda tsufa ya hana shi fita, ya aiko ɗansa.