Ɗauki Yaro, Maigida

Ranar ashirin ga azumi na leƙa shagon telana. Shadda da yadi sun yi tsibi har sun tare taga, shi kuwa idanunsa sun yi ja kamar gauta. Shi ne yanka, shi ne ɗinki, shi ne sa maɓalli, shi ne hura gawayin dutsen guga. Zare ya ƙare, ya ja ƙofa ya tafi kasuwa, kafin ya dawo mutum uku sun zo da ɗinki sun juya. Na ce, "Malam, ba ka neman mai kama maka?" Ya girgiza kai ya ce, "Alhaji, yaran yanzu? Ka koya musu, gobe su buɗe shago a gabanka su kwashe maka kwastomomi."

Na sha jin wannan amsa a bakin mai shayi da mai walda da uwargidan da ke suyar cincin a tsakar gida. Tsoro ne, kuma ba na raina shi, don akwai wanda yaro ya yashe masa aljihun tebur ya gudu. Amma ku da kuka fara sana'a da keke ɗaya ko tukunya ɗaya har unguwa ta san sunanku, kun riga kun tsallake mai wuyar. Abin da ya tsayar da ku yanzu ba rashin kasuwa ba ne. Kasuwar ce ta fi ƙarfin hannu biyu, hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka.

Ku tuna Alhassan Ɗantata, mutumin Bebeji, wanda ya fara da fataucin goro ta hanyar Gwanja. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 cinikin gyaɗa ya buɗe, ai ba shi ya bi ƙauye-ƙauye da buhu a ka ba. Wakilai ya baza, ya ba su kuɗi suka sayo masa, ya riƙe lissafi da kyau. Ya rasu a 1955 ana sa shi a sahun gaba na attajiran Afirka ta Yamma. Kuna tsammanin cikin yaransa babu wanda ya taɓa ba shi ciwon kai?

To, fara da mutum ɗaya. Duba aikin da ke cinye maka yini alhali kowa zai iya, guga ne ko aike ko wanke kofuna, ka miƙa shi. Kai ka riƙe almakashi. Kada ka ɗauki ɗan yayarka don kunya kawai. In ya iya, madalla, in bai iya ba, korarsa sai ta taɓa zumunci. Nemi wanda wani dattijo zai tsaya masa, ka gwada shi wata guda. Aike shi da kuɗi ka ga yadda canji zai dawo.

Sai maganar haƙƙi, inda yawancinmu ke faɗuwa. A yanke a gaban shaida, a rubuta: nawa ne kuɗin abinci, nawa ne na wata, yaushe za a sallame shi. A 2024 an mayar da mafi ƙarancin albashi a Nijeriya naira 70,000, kodayake dokar ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Kada ka fake da wannan. Biya abin da cinikinka zai ɗauka, amma ranar biya ta zama ranar biya. Yaron da aka bari da "Allah ya yi maka albarka" da ragowar shinkafa, shi ne idonsa ke komawa kan aljihun tebur.

In kuwa ya ƙware ya ce zai tsaya da ƙafarsa, sa masa albarka, ka haɗa masa da keke in da hali. A Kantin Kwari 'yan kasuwa da yawa yaran shago ne jiya, har gobe kuma in sun ga maigida sai sun rusuna, wasu ma a wurinsa suke sarin kaya.

Telana dai ya ɗauki wani matashi bayan Sallah. Da na koma karɓar ɗinki, na tarar da yaron ya ƙona aljihun wata riga da dutsen guga, maigidan yana faɗa, amma hannunsa na kan almakashi, kuma kayana na rataye a goge tun kwana biyu kafin alkawari.