Kuɗin Baƙo da Ƙuri'ar Ɗan Ƙasa

Akwai tambayar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya: shin ya dace al'umma ta karɓi kuɗin baƙo domin ta zaɓi shugabanninta? Magabata sun ce kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. In Turawa ne suka sayi akwatin zaɓe, wa shugaba zai ji wa tsoro, talakan da ya jefa ƙuri'a ko wanda ya biya kuɗin akwatin?

Da ina ganin wannan hujja ba ta da amsa, sai da na yi nazarin abin da ya faru a ƙasar Kwango mai hedkwata a Kinshasa. A 2006 ƙasar ta yi zaɓen jam'iyyu da yawa na farko cikin shekara fiye da 40. Ƙasashen waje ne suka ɗauki mafi yawan nauyinsa, jiragen Majalisar Ɗinkin Duniya kuma suka kai kayan zaɓe inda mota ba ta zuwa. Joseph Kabila ya ci. Wa'adinsa na ƙarshe ya cika a 2016, amma ba a yi zaɓe ba sai ranar 30 ga Disamba 2018. A wannan karon gwamnatinsa ta ce ba ta bukatar taimakon kowa, ita za ta biya, domin mutuncin ƙasa. Ana saura 'yan kwanaki ta umarci jakadan Tarayyar Turai ya bar ƙasar.

Maganar mutuncin ƙasa tana da daɗin ji, ni ma ina sonta. Sai dai mai mulkin da ya wuce wa'adinsa da shekara biyu, in ya ce baƙo ya kau da kai, ya kamata mu tambaya: kuɗin baƙon yake ƙi, ko idonsa?

Majalisar bishop-bishop ta ƙasar, wadda ake kira CENCO, ta tura masu sa ido kimanin 40,000 zuwa rumfunan zaɓe, da tallafin kuɗi daga waje. Waɗannan ba baƙi ba ne. 'Yan Kwango ne, suna zaune a rumfar unguwarsu, suna rubuta abin da aka ƙidaya a gabansu. Da hukumar zaɓe ta sanar a Janairu 2019 cewa Félix Tshisekedi ne ya ci, bishop-bishop suka fito fili suka ce sakamakon bai yi daidai da abin da mutanensu suka tattara ba.

A nan na ga bambancin da ya warware mini tambayar. Kuɗin da ya shiga aljihun ɗan takara yakan mai da shi bara. Kuɗin da ya ba talaka abin hawa da takarda domin ya shaida ƙidayar ƙuri'arsa kuwa, askin da ya wajaba a kansa shi ne faɗin abin da ya gani, kuma maƙwabtansa ne ke bin sa wannan bashi.

Kada dai mu ruɗi kanmu game da baƙon. An rantsar da Tshisekedi a watan nan na Janairu, kuma ƙasashen da suka fara nuna shakka ba su daɗe ba suka karɓe shi, domin kowa da abin da ya kawo shi kasuwa. A 2025 Amurka ta rufe hukumarta ta ba da agaji, USAID, ayyuka da dama na wayar da kan masu zaɓe suka tsaya.

Mu ma a Nijeriya hukumar adalci da zaman lafiya ta Ikkilisiya, JDPC, takan tura masu sa ido a zaɓe. Abin da mutum ɗaya yake bukata ranar nan shi ne horo, da kuɗin mota, da katin waya, da abincin yini. Ban ga majami'ar da baikon Lahadi ɗaya zai kasa ɗaukar wannan ba.