Amanar Magani Ga Wanda Ba Ya Iya Faɗin Ciwonsa

A gidajenmu na ƙasar Kurfai ba a rasa tsoho ko tsohuwa da gigin tsufa ya kama, har ta kai suna tambayar jikokinsu ko su wane ne. Akwai kuma waɗanda Allah ya halitta da raunin ƙwaƙwalwa tun haihuwa. Shari'a ta sauke wa wanda hankalinsa ya gushe nauyin salla da azumi, amma ba ta sauke mana nauyinsa ba. To, idan muka miƙa masa ƙwaya ya haɗiye, alhali bai san ko mece ce ba, don wa muka ba shi?

Dole mu yi wa kanmu wannan tambaya, domin ranar kasuwa a Filinge masu tallar magani suna sayar da ƙwayoyin barci irin su diyazefam ba tare da takardar likita ba. Tsoho ya hana gida barci da surutu, sai a jiƙa masa ƙwaya cikin fura, gida ya yi shiru, a ce ya samu sauƙi. Mu ne muka samu sauƙi. Likitoci sun tabbatar cewa irin wannan ƙwaya tana ƙara wa tsofaffi ruɗewa da jiri, su faɗi su karye, ga kuma sabo da take sawa. Mun san gajiyar matan da ke jinya dare da rana, kuma ba mu raina ta ba. Laifin maza ne da suke bar musu aikin su kaɗai.

Sau da yawa ihun nan magana ce. Wanda ba ya iya cewa haƙori ke damunsa, ko fitsari na yi masa zafi, ko ƙishirwar bazara ta galabaitar da shi, da fizge-fizge yake sanar da mu. Ruɗewar da ta ƙaru farat ɗaya tana iya zama zazzaɓin cizon sauro, wanda asibitin gunduma na Filinge ko ƙaramar likitar karkara za su gano da gwajin jini. Tun shekara ta 2006 gwamnati ta yafe kuɗin magani ga yara 'yan ƙasa da shekara 5, shi ya sa ake gaggawar kai yaro. Tsoho kuwa sai a ce ai tsufa ne. Addu'a da tofi alheri ne, ba su kuma hana a auna jini.

Akwai kuma sakaci ta wancan ɓangare. Mai farfaɗiya da likita ya ɗora a kan fenobarbital, idan aka yanke masa shi kwatsam, ciwon na iya dawowa da ƙarfin da zai halaka shi. Saboda haka kada a tsallake masa lokacin sha don watan Ramadan ya kama, tunda azumin bai hau kansa ba. A wakilta mutum ɗaya amintacce a gida ya riƙe ƙwayoyin, ya san sunansu da adadinsu, shi ne kuma zai raka majinyacin in an tura shi babbar likitar Yamai.