Tafiyar Tsattsewa da Tafiyar Mutum

A ƙarshen damina, daga Satumba zuwa Oktoba, wanda ya fito da yamma daga Alsawra, a arewacin Omdurman, ya gangara bakin kogin Nilu, yakan ga tsattsewa suna shawagi a kan ruwa. Baƙi ne. Daga Turai suka taso, suna bin kogin zuwa kudu. A lokacin ne kuma shamuwa takan bar sheƙarta, ta nufi kudancin Afirka.

Ba a nan kaɗai ake ganin wannan ba. A Amurka akwai wata irin tsattsewa mai kwana a cikin bututun hayaƙi na gidaje. Idan kaka ta yi sukan taru dubbai, su yi ta kewaya bututu ɗaya da magariba, sa'an nan su zuba ciki. Sai a 1944 aka gane inda suke zuwa, sa'ad da aka sami zobban da aka sa musu a ƙafa a ƙasar Peru.

Ba wanda ya taɓa zagin tsuntsu don ya tashi. Annabi Irmiya ma, a sura 8, ya yaba wa shamuwa da tsattsewa don sun san lokacinsu. To, mutum fa? Idan ya bar garinsu a ranar wahala, ya ci amana ne?

Wannan tambaya ta zama ta gaske a ranar 15 ga Afrilu, 2023, da yaƙi ya ɓarke a Khartum. Miliyoyin mutane suka bar gidajensu. Waɗansu suka nufi Masar, waɗansu Wad Madani, waɗansu kuma suka taru a Alsawra wurin dangi. A irin wannan hali zargi ba ya wuya. Wanda ya zauna yakan ce wanda ya tafi matsoraci ne. Wanda ya tafi kuma yakan ce wanda ya zauna ya jefa 'ya'yansa cikin wuta.

Hausawan Sudan ya kamata su fi kowa jinkirin yanke hukunci. Kakanninsu matafiya ne. Waɗansu hanyar Makka ce ta kawo su, waɗansu kuwa sun baro gida bayan yaƙin Burmi na 1903, suka kafa Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Da tafiya laifi ce, da duk an haife su cikin laifi.

Amma kada mu yi saurin mai da tsuntsu malaminmu a kome. Garken tsattsewa ba ya jiran mai karyayyen fiffike. Ranar tashi, wanda ya kasa an bar shi ke nan, ba kuwa mai waiwaye. Tsuntsu ba shi da alhaki a kan haka. Mu muna da shi.

Saboda haka abin tambaya shi ne yadda mutum ya tafi, da yadda ya zauna. Ka tuna da tsohuwar da ba ta iya hawa mota? Ka gaya wa maƙwabcinka hanyar da ka samu, ko ka sulale da asuba? A Omdurman an ga amsa mai kyau. Waɗanda suka zauna sun buɗe wuraren dafa abinci na unguwa, da ake kira takaya, waɗanda suka tafi kuma suna aiko da kuɗin wake da gawayi. Tukunya ɗaya ta haɗa su, ba a kuwa tambayi mai cin abincin ko wane ne jarumi ba.

Ya mai karatu, wataƙila ranar tashinka ba ta zo ba tukuna. Tun kafin ta zo, ka san sunayen waɗanda ba za su iya tashi ba a layinku.