Kwana Dubu Na Ɓarawo: Darasi Daga Rayuwar Michael Vick

Karatu: Luka 12:1-3, Luka 19:1-10

A ƙasar Amurka akwai wani irin wasan ƙwallo wanda ake gudu da ƙwallon a hannu, ana kuma jefa ta. Babbar ƙungiyar da ke shirya gasar ita ce NFL, kuma Michael Vick yana cikin waɗanda suka yi suna a cikinta. An haife shi a shekarar 1980 a garin Newport News na jihar Bajiniya, a unguwar talakawa. Allah ya ba shi baiwar gudu da ƙarfin hannu, har a 2001 ƙungiyar Atlanta Falcons ta ɗauke shi a matsayin na fari cikin dukan sababbin 'yan wasa na shekarar. A ƙarshen 2004 ya sa hannu a yarjejeniyar shekara 10 ta dala miliyan 130.

Amma a shekarar da ya shiga NFL ɗin nan, ya sayi wani fili a ƙauye, inda shi da abokansa suke kiwon karnuka domin a haɗa su faɗa, ana caca a kansu. Wajen shekara shida abin yana ɓoye. A watan Afrilu na 2007 hukuma ta binciki gidan, asiri ya tonu. Da fari Vick ya yi musu, har ya yi wa shugabannin wasan ƙarya. Sai abokan nan uku suka amsa laifinsu, suka yarda su ba da shaida a kansa. A watan Agusta shi ma ya amsa cewa da kuɗinsa aka gudanar da harkar, da hannunsa kuma a kisan waɗansu karnukan da ba su yi ƙwazo ba. Aka yanke masa hukuncin ɗaurin wata 23, ya shiga kurkukun Leavenworth a jihar Kansas. A 2008 ya bayyana wa kotu cewa bashi ya fi ƙarfinsa.

Ubangiji Yesu ya gargaɗi almajiransa a Luka sura 12 cewa duk abin da aka rufe, wata rana za a buɗe shi. Hausawa ma sun ce rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Dubban mutane suna yi wa Vick tafi a filin wasa, amma Allah yana ganin abin da ake yi a bayan gida. Karin Magana 12:10 ta nuna cewa ana gane adali har ta yadda yake kula da dabbarsa, gama zuciyar da ta saba da mugunta ba ta tsayawa a kan dabba kaɗai. Wannan jan kunne ne ga iyayen da suke murna da ƙwazon 'ya'yansu a makaranta ko a wasa, amma ba su taɓa tambayar su wane ne abokansu ba. Baiwa takan kai yaro gaban sarakuna, amma hali ne yake zaunar da shi a can.

Labarin bai ƙare a kurkuku ba. Tony Dungy, mai horar da 'yan wasa wanda ya ci babban kofin NFL a 2007, kuma sananne wajen bin Almasihu, ya ziyarci Vick a kurkuku a 2009, ya zama mai ba shi shawara. Haka Barnaba ya kama hannun Shawulu a lokacin da masu bi suke gudunsa. Galatiyawa 6:1 ta ɗora wa ikilisiya wannan aiki na komo da wanda ya faɗi cikin tawali'u. A shekarar nan ƙungiyar Philadelphia Eagles ta ɗauke shi, a kakar 2010 kuwa aka ba shi lambar yabo ta ɗan wasan da ya fi kowa farfaɗowa.

Tun ranar da ya amsa laifi Vick ya faɗa a bainar jama'a cewa ya roƙi gafarar Yesu. Mutane da yawa sun yi shakka, suna kuwa da hujja, domin tuba a gaban alƙali ba ta da wuyar faɗi. Allah ne kaɗai ya san zuciya, amma ana iya duba 'ya'yan itace. Zakka bai tsaya ga magana ba, ya ɗauki alkawarin mayar da abin da ya ƙwace har riɓi huɗu. Vick ya riƙa zagaya makarantu yana gargaɗin yara a kan faɗan karnuka, kuma zuwa 2017 ya biya kusan dukan bashin da ake binsa, wajen dala miliyan 17. A ƙarshen 2024 Jami'ar Norfolk State ta naɗa shi mai horar da 'yan wasanta.

Duk da haka gafara ba ta mayar da karnukan da suka mutu ba, ba ta kuma mayar masa da shekarun ƙuruciyar da ya rasa ba. Har yanzu akwai waɗanda ba su yafe masa ba. Saboda haka bari matashin da yake da ɓoyayyen zunubi ya tuba tun asirinsa yana rufe. Bari mai bin da ya cuci wani ya je ya biya. Bari ikilisiya kuma ta tuna da 'ya'yanta da suke kurkuku, ta aika musu da Barnaba. Allah ya ba kowane gida alherin yin haka. Amin.