Nama Halal Ne, Amma Kada Mu Raina Wake

Ya 'yan'uwa Musulmi, nama halal ne. Layya ibada ce, ragon suna sunna ne, kuma babu mai ikon haramta abin da Allah Ya halatta. Sai dai Ubangijin da Ya halatta mana nama Shi ne Ya hana mu almubazzaranci, kuma ƙasar nan amana ce a hannunmu.

Ku duba abin da saniya ke ci kafin mu ci ta. Masana sun ƙiyasta cewa kilo ɗaya na naman shanu na lashe ruwa wajen lita 15,000, in an haɗa da wanda ya rayar da abincinta. Kilon wake bai wuce kusan lita 4,000 ba. A shekarar 2013 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce kiwo ne ke fitar da kashi 14.5 cikin ɗari na iskar da ɗan Adam ke ɗumama duniya da ita. A Brazil ana sare dajin Amazon don a buɗe wa shanu makiyaya, zafin da hakan ke haifarwa kuwa bai san iyakar ƙasa ba. Mu da ke bakin hamada muna cikin masu shan sa.

Wake fa? Subhanallah! Saiwarsa na tara wa ƙasa taki daga iska, shi ya sa kakanninmu ke shuka shi a tsakanin gero. Mu ci ƙwayar, dabba ta ci harawar, gona ta ƙara ƙarfi. Najeriya da Nijar ne kan gaba a duniya wajen nomansa. Duk da haka sai ka ji mutum yana kunyar a ga ɗanwake ko alala a gidansa, wai abincin talaka ne. Wannan raina ni'ima ne, wallahi.

Kada wani ya ɗora laifin a kan makiyayi. Kashin shanunsa ne ke raya gonakinmu tun kaka da kakanni. Da mu nake, mu da ke kayar da sa biyu a walima don a ce mun isa, washegari a kwashe ragowar tsoka a zuba a bola alhali maƙwabci ya kwana da yunwa. Za a tambaye mu.

Alhaji, kai da za ka aurar da 'yarka bana, yanka daidai bakin da za su ci. Uwargida, dafa wake ranar da kike da kuɗin nama ma, ki zuba wa yara da fara'a.